Littattafan Bashi Na Kantunan Ƙauyen Amurka A Ƙarni Na 19: Yaya Ake Karanta Su?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ɗakunan karatu na jami'o'in Amurka sun ɗora hotunan tsofaffin littattafan lissafi na kantunan ƙauye a intanet, irin kantin nan guda ɗaya a gari da ke sayar da komai, daga gishiri da yadi har ƙusa da albarushi. Wanda zan yi aiki a kansa na wani ƙauye ne a jihar New York, wajen 1830 zuwa 1840. Abu uku ya ɗaure mini kai. Ana rubuta farashi kamar da sule, 2/6 ko 1/6, amma jimla tana fitowa da dala. Layuka duk suna farawa da To ko By. Sannan ban ga cinikin kuɗi hannu ba sam, sai ka ce garin ba mai tsaba. Don Allah masana a taimaka.

Malam Akawu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a zo kan sule, fara tantance wane littafi ne a gabanki, domin kanti mai tsari ba ya rasa guda biyu, kuma aikinsu daban. Na farko littafin kullum, wanda ke zaune a kan kanta. Shi kwanaki yake bi. A sama a rubuta sunan gari da kwanan wata, duk wanda ya shigo ya ɗauki kaya bashi a sa sunansa, abin da ya ɗauka, yawansa da farashinsa, a ja layi, na bayansa ya biyo. Na biyu leja, ita kuma mutane take bi, kowane mai bashi da shafinsa. Ɓangaren hagu an rubuta Dr, nan ne abin da kanti ke binsa, kowane layi da To yake farawa. Ɓangaren dama Cr, abin da ya kawo, da By yake farawa. To, tambayarki ta biyu ke nan.

Da dare, ko ƙarshen mako, ko sai ciniki ya lafa, mai kanti ko yaronsa ya kwashe daga littafin kullum ya zuba a leja. Duk layin da ya kwashe zai sa lambar shafin leja a gefensa, a leja kuma ya sa lambar shafin littafin kullum. Da waɗannan ƙananan lambobi ake bin sawun kowane ciniki gaba da baya. Layin da babu lamba a gefensa, ko dai an biya shi nan take an soke, ko an manta ba a kwashe ba, mai kanti ya yi asara bai sani ba.

Abin da ke ɓata wa mai bincike rai shi ne leja ba ta son dogon bayani. Mutum ya ɗauki shayi da sukari da allura da maɗin rake, a leja sai ki ga layi ɗaya: To Sundries, 2.25, wato kaya iri-iri. In leja kaɗai ta tsira, za ki san nawa aka ci bashi, amma ba za ki san me aka ci ba.

Alhaji Mai Kanti:
Tambaya ta uku ba ta buƙatar boko. Wanda ya biya ya tafi, me za a rubuta masa? Littafi na wanda ake bi ne. Tsaba aljihun tebur take shiga, in mai kanti mai kula ne da yamma ya ƙirga ya rubuta jimla guda a littafin kuɗi, ba suna ba bayanin kaya. Saboda haka matafiyi, da mai hali da ke biya nan take, da matalaucin da ba a yarda a ba shi bashi ba, duk ba za ki gan su ba. Kada ki ƙirga sunayen leja ki ce mutanen gari ke nan.

Malam Akawu:
Haka ne, Alhaji. Sai batun sule, wanda nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Dokar buga kuɗi ta 1792 ta kafa dala mai senti 100, amma bakin jama'a da ƙwaƙwalwarsu suka zauna a kan fam da sule da kwabo har shekaru da dama bayan haka. Dattawanmu sun san irin wannan: an shigo da naira a 1973, amma aka daɗe ana ce wa naira biyu fam, kwabo goma sule. Bambancin shi ne a Amurka sulen kowane yanki da darajarsa, gadon kuɗin takarda na zamanin mulkin Ingila. A New York sule 8 ne dala, wato sule senti 12½. A jihohin New England, wato na arewa maso gabas irin su Massachusetts da Connecticut, da kuma Virginia, sule 6 ne dala, sule senti 16⅔. A Pennsylvania, New Jersey, Maryland da Delaware sule 7 da sisi. A South Carolina da Georgia sule 4 da kwabo 8. Ko'ina dai kwabo 12 ne sule.

Ɗauki 2/6 ɗin nan da kika gani, sule biyu da sisi. A New York senti 31¼ ne. A Pennsylvania 33⅓. A Massachusetts 41⅔. Rubutu ɗaya, kuɗi uku.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya a kantin New York. Manomi ya ɗauki sukari laba 2 a kan 1/, sule 2 ke nan. Shayi rabin laba a kan 6/, sule 3. Akoko yadi 6 a kan 1/6, sule 9. Maɗi galan 1 a kan 4/, sule 4. Jimla sule 18, a gurbin dala za ki ga 2.25. Matarsa ta kawo man shanu laba 10 a kan 1/, 1.25 ke nan, da ƙwai dozin 4 a kan /9, wato nai-nai, kwabo 36, sule 3, senti 37½. An biya 1.62½, saura 62½, sule biyar cif. Wanda ya ɗauki sulen New England ya auna wannan shafi zai sami dala 3 a maimakon 2.25, ya ƙara wa kaya kashi ɗaya cikin uku na tsada da hannunsa.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce: nemi layin da aka sa farashi da sule kuma aka fitar da jimla da dala, ki raba. Kada ki dogara da sunan jiha kawai, mai kanti da ya yi ƙaura daga Connecticut zuwa yamma yakan tafi da sulensa na gida.

Ɗan Sikeli:
Malam ya bar abu ɗaya: dalilin da ya sa sulen New York ya fi daɗewa. Akwai tsabar da ta yi daidai da shi a aljihun mutane, wato riyal na azurfa na Sifaniya da ake bugawa a Meziko. Riyal 8 ne dalar Sifaniya, kowanne senti 12½, rabinsa 6¼. Kuɗin waje halal ne a biya bashi da su a Amurka har dokar 1857 ta soke. Shi ya sa farashi ke ta faɗawa a kan 6¼, 12½, 18¾, 37½, 62½. Ba son wahala ba ne, abin da za a iya ba da canjinsa ke nan.

Ni kuma inda nake ganin ana kuskure shi ne awo. Ƙarfe da gishiri da sukarin sari da cwt, wani awon nauyi, ake rubuta su, kuma a farkon ƙarnin laba 112 ne, ba 100 ba, kwatansa laba 28. In kika ga 1-2-14, ma'anarsa cwt 1, kwata 2, laba 14, wato 112 da 56 da 14, laba 182. Daga baya aka koma laba 100, kuma ba rana ɗaya kowa ya koma ba, sai an gwada da jimlar kuɗin. Gangar fulawa laba 196, gangar naman alade mai gishiri laba 200. Bushel, ma'aunin hatsi mai kusan lita 35, in alkama ce laba 60, masara ɓararriya 56, hatsin dawaki na oats 32. Itacen wuta da cord ake saye, tari mai ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi, 4 a tsayi. Galan ɗinsu ƙarami ne, kusan lita 3.8, ba na Ingila na bayan 1824 ba mai lita 4.5.

Sai tarkon ƙusa. Za ki ga 10d nails, ki zaci farashi ne kwabo goma. Girman ƙusa ne, mai inci 3, 8d kuma inci 2½. Farashin yana gaba, a kan laba. Haka a ɓangaren yadi, nail wani awo ne na inci 2¼, ɗaya bisa goma sha shida na yadi, ba ruwansa da ƙusa. Man shanu kuwa in an kawo shi cikin ƙaramar ganga, za ki ga lamba biyu, nauyin duka da nauyin mazubi da ake cirewa. Ta biyun ba ragi ba ce.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai. Ashe ke nan ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda, tunda da man shanu da ƙwai ake biya?

Ɗan Sikeli:
Kusan haka ne, ƙanwata. Dubi ɓangaren By na kowace leja ta lokacin: man shanu, cuku, ƙwai, ulu, gashin tsuntsu, kakin zuma, fatu, tsumma da ake kai wa masu yin takarda, toka da ake dafawa a fitar da kanwar sabulu, itace, kwana biyu na yankan ciyawa, jigilar kaya da keken shanu. A New England wajen 1830 zuwa sama masu kanti har ganyen kaba suke rabawa, wanda ake kawowa daga Kyuba, mata da 'yan mata su saƙa malafa a gida su mayar a rubuta musu. Tsaba kaɗan ce a ciki.

Malam Akawu:
A nan ban bi ka ba, Ɗan Sikeli. Musaya ita ce in ba ka, ka ba ni, mu rabu ba mai bin wani. Wannan kuwa kowane abu sai an yanka masa farashi da kuɗi, an rubuta, kuma tsakanin ɗauka da biya akan yi wata takwas ko shekara. Shayin watan Maris da alkamar watan Oktoba ake biyansa. Bashi ne da ake aunawa da kuɗi, ko da kuɗin bai fito fili ba.

Abin da ya fi nuna haka shi ne takardar umarni. Manomi yana da ɗan ƙodago, ba shi da tsabar biyansa, sai ya rubuta wa mai kanti 'yar takarda: ba wane kaya na dala biyu ka sa a kaina. A leja za a sa wa manomi To, a sa wa ɗan ƙodago By, ba sisin da ya motsa. Maƙeri, likita, malamin makaranta, mai injin niƙa, duk ta shafukan kanti suke biyan juna. Har haraji da kuɗin wasiƙa mai kanti kan biya wa mutum ya rubuta. A ƙauyen da ba banki, aikin banki yake yi. In kika tsallake layukan da ke cewa By order of wane ko paid wane, wato bisa umarnin wane ko an biya wane, kin tsallake rabin amfanin littafin, domin su ne ke nuna wa ke yi wa wa aiki.

Ɗan Sikeli:
Na yarda da batun takardar umarni. Amma matar da ta kawo ƙwai dozin biyu ta karɓi allura da zare nan take, ita dai musaya ta yi, ko me aka rubuta.

Alhaji Mai Kanti:
Ita ma sai da aka yi wa ƙwan kuɗi. Kuma ku lura, kanti kan yi farashi biyu ga abin da aka kawo masa: in kaya za ki ɗauka a saya da daraja, in tsaba kike so a rage. Dalili a bayyane yake, a kan kayan yana da riba, a kan tsaba babu.

Barista:
Ranka ya daɗe Malam, akwai dalilin shari'a da ya sa littafin kullum ya fi leja daraja, ba don bayani kaɗai ba. A tsohuwar dokar da Amurka ta gada daga Ingila, mai ƙara ba ya ba da shaida a shari'arsa. Mai kantin da ba shi da akawu, wa zai shaida masa an ɗauki sukari? Sai kotunan jihohi suka yarda ya kawo littafinsa, a wurare da yawa tare da rantsuwa. Amma littafin da aka fara rubuta cinikin a ciki ake nema, wanda aka rubuta a lokacin ko dab da shi. Leja kwafi ce. Kankara da gyare-gyare da cusa layi a tsakanin layuka suna iya sa alƙali ya ƙi littafin. Shi ya sa mai kanti mai hankali ba ya kankare kuskure, sai ya ja layi a kai ya bar shi a karance, ko ya rubuta sabon layi By error. Rancen tsaba mai yawa kuma kotuna da dama ba su yarda a tabbatar da shi da littafi ba, sai da takarda.

Na biyu, bashin littafi yana da wa'adi, a jihohi da yawa shekara shida, bayan nan ba a ƙara a kansa. Don haka ake zaman ƙidaya, galibi farkon shekara ko bayan kaka. A haɗa hagu da dama, a rubuta cewa yau mun yi lissafi mun daidaita, su biyun su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alamar X. In da saura, a mayar da shi takardar alkawarin biya mai kuɗin ruwa. A leja za ki ga By note, a ja babban gicciye a kan shafin. Hattara a nan: shafin ya rufu, amma ba a biya ba. Bashin ya tashi ne daga littafi ya koma takarda. Masu bincike da yawa suna lissafa By note a cikin waɗanda suka biya, sai su fito da gari mai cika alkawari fiye da yadda yake.

Kuɗin ruwa na doka a wancan zamani kashi 6 cikin ɗari ne a yawancin jihohi, New York kashi 7. A kashi 6 lissafinsu na ka ne: raba watanni biyu, abin da ya fito senti ne a kan kowace dala. Dala 40 wata 9, senti 4½ sau 40, 1.80.

Game da mata kuma, matar aure ba ta da shafi da sunanta a mafi yawan littattafan, domin doka ta ɗora dukiyarta da bashinta a kan miji. New York ta fara sauya wannan da dokar 1848. Amma littafin kullum kan rubuta wanda aka aiko: per wife, per son, per girl, wato ta hannun mata, ɗa ko yarinya. Nan za ki ga wa ke zuwa kanti da ƙafarsa. Mace mai shafin kanta yawanci gwauruwa ce ko wadda ba ta yi aure ba. A jihohin Kudu kafin 1865, per boy, wato ta hannun yaro, sau da yawa bawa ake nufi, ko da dattijo ne.

Ɗan Sikeli:
To Barista, tunda ka kawo Kudu, a faɗi gaskiya: littattafan nan kayan danniya ne. Bayan yaƙin basasar Amurka jihohin auduga suka yi dokokin jinginar amfanin gona tun bai tsiro ba, Georgia tun 1866. Manomi, baƙi 'yantattu da fararen talakawa, ya sa hannu cewa audugar bana ta mai kanti ce har sai an biya. Daga nan ba wani kanti da zai ba shi bashi, tunda ba abin da ya rage ya jinginar. Kowane kaya farashi biyu, na tsaba da na bashi. A ce masara senti 80 hannu, dala 1 bashi. Ƙarin kashi 25 ke nan. An ɗauka a Mayu an biya a Nuwamba, wata shida, a shekara kashi 50. An ɗauka a Yuli, wata huɗu, kashi 75. Kuma ba za ka ga kalmar ruwa a shafin ba, an dafa shi cikin farashi. A gefen sunayen baƙar fata har col. ake rubutawa, wato colored, alamar launin fatarsu. Wanda bai iya karatu ba, da me zai musa abin da aka karanto masa a ƙarshen shekara?

Alhaji Mai Kanti:
Ban musa zaluncin Kudu ba. Amma kada a shafa wa kowane mai kanti baƙin fenti. Ku dubi inda yake tsaye. Sau biyu a shekara, bazara da kaka, yake tafiya sari New York ko Philadelphia ko Baltimore ko New Orleans. 'Yan sari su ba shi wata shida, in ya wuce ruwa ya fara hawa. Su tsaba suke so ko takardar banki mai kyau. Shi kuma manoma sai bayan girbi, kuma da man shanu za su biya, wanda wani ya yi tsami, wani an cika masa gishiri don nauyi, dole ya karɓa don kada ya ɓata da maƙwabci. Ya tara, ya yi jigila, ya sayar a birni a farashin da ya tarar. Kuɗin takarda na bankunan jihohi kuma kowanne da darajarsa, na banki mai nisa sai an rage, na jabu ga su nan, har mujallu ake bugawa na tantance su. In rikicin kuɗi ya zo, irin na 1819 da 1837 da 1857, 'yan sari su matsa masa, shi ya matsa wa manoma, su ba su da shi, kanti ya rufe da leja cike da dukiya a rubuce.

Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ma ya ɗanɗana. Shi da William Berry sun sayi kanti bashi a New Salem ta jihar Illinois a 1832, bai yi shekara guda da kirki ba ya durƙushe. Berry ya mutu a 1835, bashin wajen dala 1,100 ya dawo kan Lincoln, ya yi shekaru yana biya.

Malam Akawu:
Ku biyun kuna da gaskiya, amma ba zamani ɗaya kuke magana ba. New York ta 1835 ba Georgia ta 1885 ba ce. 'Yata, littafin zai iya raba gardamar da kansa. Nemi kaya ɗaya, a ce gishiri, a mako ɗaya, ki jera farashin da aka sa wa mutum goma. In ɗaya ne, ba farashi biyu a kantin. In ya bambanta, dubi su wa aka tsawwala wa. Sannan ki bi shafi ashirin shekara biyar a jere ki ga saura yana raguwa bayan kaka ko ƙaruwa yake yi.

Ribar kantin kuwa kada ki neme ta a leja. Yawancinsu ba su yin lissafi mai shiga biyu irin na manyan kamfanoni, babu shafin kaya, babu shafin riba da asara. In mai kanti yana son sanin inda yake, sai ya ƙirga kayan da ke kan kanta, ya haɗa da tsaba da bashin da yake bi, ya cire wanda ake binsa, ya gwada da na bara. Raunin wannan hanya shi ne bashin da ba zai taɓa dawowa ba yana nan a cikin dukiya. Sai ya mutu masu ƙiyasta gado su kasa basussukan kashi uku, mai kyau, mai shakka, da wanda aka fid da rai, a nan gaskiya ke fitowa. In kotun gado ta gundumar tana da takardunsa, ki haɗa da su. Haka rahotannin kamfanin binciken 'yan kasuwa da Lewis Tappan ya kafa a New York a 1841, wanda ya zama R. G. Dun, suna ɗakin karatu na Baker a Harvard, gunduma-gunduma. Su ne ke faɗin yadda 'yan sari ke kallon mai kantin.

Hajiyar Taska:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in ƙara abin da ya shafi littafin kansa. Da yawa bangonsu ya cire, shafin farko ya tafi da shekarar, sai wata da rana. Ana gano shekarar ta Lahadi, tunda ba a buɗe kanti ranar. Jera kwanakin wata biyu, ki ga wanne ke ɓacewa duk bayan bakwai. A ce 4, 11, 18 da 25 ga Yuli babu su. Shekarun da 4 ga Yuli ta faɗo Lahadi sun haɗa da 1830, 1841, 1847, 1852, 1858 da 1869. Sai ki tace da kaya. Ashana ba ta yaɗu ba sai bayan 1830. Kan sarki na gidan waya 1847. Kananzir ya cika kantuna ne bayan rijiyar man garin Titusville na jihar Pennsylvania ta 1859, kafin nan kyandir da man kifi ne. Wayar shinge mai ƙaya bayan 1874. In kuma farashin akoko da kofi ya yi tsalle ninki-ninki, kina cikin yaƙin basasa: an fito da kuɗin takarda na gwamnati a 1862, a Yulin 1864 dalar zinariya ɗaya ta kai 2.85 na takarda. Farashin waɗannan shekaru ba a jera shi da na 1850 kai tsaye.

Tawadarsu ta ƙarfe da tsamin itace ce. Tana fara baƙa, ta koma ruwan ƙasa, inda alƙalami ya zuba da yawa ta cinye takardar har harafi ya zama huda. Danshi ne ke hanzarta wannan. Abin mamaki, littafin 1820 yakan fi na 1890 lafiya, domin na farko takardar tsumma ce, na biyu ta niƙaƙƙen itace mai tsami da ke karyewa. Bangon fata in ya fara zubar da jan gari ba ya gyaruwa, sai a naɗe shi a sa a kwali marar tsami, a kwantar, kada a tsayar. Ba salatif, ba laminatin, ba roba. Wannan ya shafi duk mai tsohon littafin kanti ko na gado a gida: damina ta kawo fumfuna da gara, hunturu ya busar da takarda ta yi ƙaras, saboda haka ɗaki na tsakiya, nesa da bango da ƙasa, ya fi sito.

Wani abin takaici, 'ya'ya da jikoki sukan mayar da tsohuwar leja wurin manna yankakkun jaridu, su rufe lissafin da gam. Kada a ɓanɓare da hannu. Kuma a hotunan intanet ki duba ko an ɗauki cikin bango da shafukan ƙarshe. Nan ake samun jerin bashin da aka fid da rai, yarjejeniyar ɗaukar yaron kanti, da mabuɗin farashi.

Ɗalibar Tarihi:
Hajiya, mene ne mabuɗin farashi? Akwai wasu haruffa a gefen kaya a shafin ƙidayar kaya, irin ML da CUE, na zaci sunayen 'yan sari ne.

Alhaji Mai Kanti:
'Yata, wannan sirrin uwar kuɗi ne. Mai kanti ya zaɓi kalma mai harafi goma da ba maimaici, kowane harafi ya tsaya a madadin lamba, 1 zuwa 9 sannan sifiri. Ya rubuta abin da ya sayo kayan da haruffa a jikinsu, yaron kanti ya san iyakar ragin da zai yi, mai saye bai gane ba. Haruffan da kika kawo sun yi daidai da CUMBERLAND, wadda aka yi amfani da ita sosai: C 1, U 2, M 3, B 4, E 5, R 6, L 7, A 8, N 9, D 0. In ita ce, ML 37 ne, wataƙila 37½ aka yar da rabin, CUE kuma 1.25. Amma gwada kafin ki yarda. Tara duk haruffan da ke fitowa, in sun wuce goma to akwai na maimaici, irin X da ake sawa a madadin lambar da ta zo sau biyu a jere. Haruffa biyu da suka fi zuwa ƙarshe galibi 5 da 0 ne. In an sami takardar sari ko ɗaya, a gwada farashinta da haruffan kayan, harafi huɗu ko biyar sun isa a cinko kalmar. Daga nan ne kaɗai za ki iya faɗin ribar da yake ɗorawa a kan yadi da wadda yake ɗorawa a kan gishiri, kuma za ki tarar ba ɗaya ba ce.

Malam Akawu:
Saura kwafewa zuwa kwamfuta. Kowane layi na littafin kullum ya zama layi guda, da gurbin kwanan wata, shafi, mai bashi, wanda aka aiko, To ko By, kaya kamar yadda aka rubuta, yawa, awo, farashi kamar yadda aka rubuta, sannan gurbi daban na senti da kika fitar. Kada ki haɗa na asali da fassararki a gurbi ɗaya. Gurbin da za ki sa 2/6 ki mayar da shi na rubutu tun farko, in ba haka ba Excel zai mayar miki da shi kwanan wata. Kada ki cike 6¼ ya zama 6, layi dubu in suka taru dalolin da za su ɓace ba kaɗan ba ne. Do ko alamar ″ na nufin daidai da na sama, ki rubuta abin a cike, domin da zarar kin sake jera layuka na saman ya canza.

In jimlarki ta saɓa da tasa, dubi bambancin. In 9 ta raba shi ba saura, ana zargin an juya lamba, 54 ta zama 45. In rabinsa ya yi daidai da wani layi a shafin, an sa layin a ɓangaren da ba nasa ba. In senti ɗaya ne ko rabi, cikewa ce, yawanci ta wajen kanti.

Hajiyar Taska:
A ƙara da sunaye. Mutum ɗaya za a rubuta shi iri uku a littafi ɗaya, lambar shafin leja ce za ta tabbatar miki shi ne. Jr. da Sr. da 2nd kuma a lokacin ba lallai uba da ɗa ba ne. Masu suna ɗaya ne a gari, babba da ƙarami, ko da ba dangi. In babban ya mutu, 2nd ya zama ba lamba, 3rd ya koma 2nd. Saboda haka in shafin wani ya tsaya cak, wani mai irin sunan ya ci gaba, duba rajistar mutuwa ta garin ta wannan shekara kafin ki haɗe su.